Yadda Ake Renon Bishiyar Magnoliya Har Ta Cika Lambu Da Fure

Duk wanda ya taɓa ganin gurjiya a tsakiyar hunturu, ba ganye ko ɗaya a jikinta sai jan fure birjik a kan rassa, zai gane abin da ya tsayar da ni a bakin titi a shekarata ta farko a Ingila. Ƙarshen watan Maris ne, sanyi bai gama sakin mutane ba, sauran itatuwa duk tsirara. Sai ga wata bishiya a ƙofar wani gida ta ɗauki fure ɗaruruwa, kowanne ya kai girman kofin shayi, cikinsa fari fat, bayansa ruwan hoda mai duhu daga gindi. Na tambayi sunanta, aka ce mini magnoliya. Tun ranar na ƙudurta cewa in Allah ya ba ni gida mai fili, sai na dasa ta.

Na dasa har sau biyu. Ta farkon ta mutu a hannuna cikin shekara uku, ta biyun kuwa yanzu ta wuce tagar bene. Abin da ya raba su shi ne inda na sa kowacce da yadda na bi da saiwarta, kuma a kan waɗannan biyun zan fi daɗewa.

Kafin nan, akwai tambayar da yayana ya yi mini daga Kano da ya ga hotonta: "Ka aiko mini da irin in shuka a tsakar gida mana." Na ce masa, "Yaya, ba za ta yi ba." Magnoliyar da ke fure kafin ganye 'yar ƙasashen sanyi ce, asalinta Sin da Japan da tsaunukan Himalaya. Sai ta zubar da ganye ta yi barcin watanni cikin sanyi sannan furenta ke buɗewa. Zafin Afrilu na Kano ko Damagaram da busasshiyar iskar hunturunmu ba abin da za su bar mata. Wanda ke Jos ko Mambila, inda akwai sanyi-sanyi da ruwan sama, in yana son dangin wannan bishiya, gara ya nemi waɗanda ba sa zubar da ganye, irin su Magnolia grandiflora ta kudancin ƙasar Amurka, ko champaca mai ƙamshi da ake shukawa a Indiya da Indonesiya. Wannan jagora dai na 'yan'uwa ne da ke zaune a Turai, da Amurka, da Kanada, da sauran wuraren da ake hunturu mai ƙanƙara.

Zaɓen iri

Sunan ya samo asali ne daga Pierre Magnol, wani masanin tsirrai na birnin Montpellier a Faransa wanda ya rasu a 1715. Irinta suna da yawa ƙwarai, amma mai son babbar bishiya mai furen bazara, wato lokacin da sanyi ke ƙarewa, zai iya taƙaita zaɓinsa a kan kaɗan.

Wadda aka fi gani a ƙofar gidaje ita ce Magnolia × soulangeana. Wani tsohon hafsan sojan doki na Napoleon, Étienne Soulange-Bodin, shi ya haɗa ta a lambunsa na Fromont kusa da Faris, daga iri biyu na ƙasar Sin, ta kuma fara fure a shekarun 1820. Tana kai mita 6 zuwa 8 a tsayi, faɗinta ma kusan haka, tana jure ƙasar laka da hayaƙin birni, kuma tun tana ƙarama take fara fure. In wannan ne dashenka na farko, ita nake ba ka shawara. Uwarta, Magnolia denudata, fara ce sol mai ƙamshi. Sinawa sun fi shekara dubu suna shuka ta a harabar wuraren ibadarsu, kuma ita ce furen birnin Shanghai. Sai dai tana saurin buɗewa, sanyi na yawan riskar ta.

In ƙasar gidanka mai alli ce, nemi Magnolia kobus ta Japan ko 'ya'yanta na × loebneri, kamar 'Merrill' mai farin fure da 'Leonard Messel' mai ruwan hoda, don sun fi sauran jure irin wannan ƙasa. In filin ba faɗi amma akwai sarari sama, 'Galaxy' tana miƙewa tsaye har wajen mita 10, kuma tana ɗan jinkirta fure, abin da ke kuɓutar da ita daga sanyin ƙarshe.

Sarauniyarsu kuwa Magnolia campbellii ce ta Himalaya, mai fure kamar faranti. A Cornwall, kudu maso yammacin Ingila, a lambuna irin na Caerhays, akwai manya-manyanta da mutane ke yin tattaki don su gani tun daga watan Fabrairu. Ina son ta, amma ba zan ce ka dasa ta a bayan gidan birni ba. Tana wuce mita 15, tana son wuri mai laushin sanyi, wadda aka tsiro daga ƙwaya kuma kan yi shekara ashirin ko fiye kafin ta nuna fure ɗaya.

Wannan ya kawo mu kan abin da za ka tambaya a wurin masu sayar da dashe. Kamar yadda manomin mangwaro ya san bambancin mai aure da na ƙwallo, haka abin yake a nan. Sayi wadda aka yi wa aure ko aka samar daga reshe, mai suna a rubuce a jikinta. Ita ce za ta yi fure da wuri, yawanci cikin shekara biyu zuwa biyar, kuma furen da aka nuna maka a hoto shi za ka samu. Kada girma ya ruɗe ka. Dashe mai tsayin mita 1 zuwa 1.5 ya fi kama ƙasa da wuri a kan ƙato mai tsada da ya daɗe a roba. Ɗaga robar ka duba ƙasanta: in saiwoyi sun fito sun nannaɗe kamar gammo, ajiye ta ka ɗauki wata.

Wurin da za ta zauna har abada

Saiwar magnoliya ba irin ta sauran itatuwa ba ce. Tana da kauri da laushi, kamar siraran rogo, tana karyewa da ɗan taɓi, kuma ba ta nitsewa can ƙasa. A saman ƙasa take bazuwa, har ta wuce inuwar rassan. In ta ji rauni cikin ƙasa mai sanyi da jiƙa, ruɓewa take yi. Shi ya sa ba a yi mata ƙaura. Inda ka sa ta yau, nan za ta tsufa, don haka kada ka yi garaje. Ka yi mako guda kana zagaya lambun safe da yamma kana kallon inda rana ke faɗuwa da inda iska ke bugowa.

Fara da auna fili. Ka tsaya inda kake son dasawa, ka auna mita 4 ta kowane ɓangare. Duk wannan da'irar tata ce nan da shekara ashirin. Ka bar aƙalla mita 5 zuwa 6 tsakaninta da bangon gida, ka kuma nisanci bututun ruwa da katangar maƙwabci. Yawancin magnoliyar da na gani an lalata, laifinsu ɗaya: an sa su dab da taga suna ƙanana, da suka girma suka tare haske, aka sa musu zarto.

Sai maganar rana. Tana son rana ko inuwa kaɗan, amma ba kowace rana ba. Babban maƙiyin furen shi ne raɓar da ke daskarewa da dare a watan Maris da Afrilu. In furen ya daskare, sannan hantsi ya buge shi kai tsaye ya narkar da shi da sauri, kafin azahar ya koma ruwan ƙasa, ya yi laushi kamar tsumma. Wurin da ke fuskantar gabas shi ya fi wannan haɗari. Nemi inda gini ko wasu itatuwa suka tare rana ta safe, ta samu ta azahar da ta yamma. Guji kuma kwari, wato wuri mafi gangare a lambun, don iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi kamar ruwa ta taru a can. In ka fita da asuba a watan Janairu, duba inda ciyawa ta fi fari kuma ta fi daɗewa ba ta narke ba. Nan ne ba za ka dasa ba.

Ta farkon da na rasa, a irin wannan wuri na sa ta, can ƙarshen lambu kusa da shinge, tana kallon gabas. Shekara biyu a jere ta fito da fure bakwai ko takwas, dare ɗaya ya ƙone su. Na kuma ƙara mata da wani: ganin fili a gindinta, sai na riƙa kaftu ina shuka alayyafo da albasa. Ranar da na tumɓuke ta bayan ta bushe, na ga saiwoyin duk a daddatse, bakin kowane yanka ya yi baƙi yana wari. Shebur ɗina ne ya yi mata haka. Har yau in na tuna abin yana ci mini rai, don tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta kan shinge ta gargaɗe ni tun a shekarar farko.

Iska ma abin dubawa ce. Rassanta na da gautsi, furen kuma babba ne, iska mai ƙarfi na yayyaga shi. Shinge ko jerin itatuwa a ɓangaren da iskar ke fitowa ya wadatar.

Gwajin ƙasa

Magnoliya ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, ke tsakanin 5.5 da 6.5, mai riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa. Ana sayar da ɗan kayan gwaji mai araha a shagunan lambu. In ba ka samu ba, duba cikin butar dafa shayinka: in farin dutse na taruwa a ciki da sauri, akwai yiwuwar yankinku mai alli ne, sai ka karkata ga kobus ko loebneri.

Gwaji na biyu ya fi wannan muhimmanci. Haƙa rami mai zurfin santimita 40, ka cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ruwan na nan, wurin bai dace ba sai an gyara. Ko dai ka sauya wuri, ko ka tara ƙasa ka yi tudu mai faɗi, tsayin kamar taƙi ɗaya, ka dasa a kansa.

Ranar dashe

A inda hunturu ke da sauƙi, kamar kudancin Ingila, ana iya dasawa a kaka, wajen Oktoba, ƙasa na da sauran ɗumi. A inda sanyi ke da tsanani, kamar Kanada da arewacin ƙasar Amurka, ko inda ƙasa laka ce mai nauyi, jira bazara, Afrilu zuwa farkon Mayu. Dalilin dai saiwar ce: a bazara in ta ji rauni tana warkewa nan da nan don tana cikin girma.

Tun da safe ka tsoma robar cikin bokitin ruwa na rabin awa. Sannan ka haƙa rami mai faɗi, ninki biyu ko uku na faɗin robar, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin ƙasar da ke cikin robar. Nan mutane da yawa ke kuskure, suna ganin zurfi shi ne gata. Saiwar da ke rayuwa a sama tana buƙatar iska. In ka binne ta da yawa, shaƙe ta ka yi. Sassauta gefen ramin da cokalin haƙa, musamman in laka ce, don kada ya zama kamar cikin tukunya. Ƙasan ramin kuwa bar shi da ƙarfinsa, kada bishiyar ta nitse daga baya.

Gauraya ƙasar da ka fitar da ruɓaɓɓen ganye ko takin da ya gama ruɓewa sarai, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Abu uku kada su shiga ramin nan. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa. Takin da aka noma naman kaza da shi yakan zo da alli. Na ukun kuma toka ce. Mu da muka taso muna ganin ana zuba toka a gona, hannunmu na saurin kai wa gare ta, amma toka tana kashe tsamin ƙasa, wato tana ɗauke ainihin abin da bishiyar ke nema.

Kwantar da robar ka zare dashen a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashi. In ya ƙi fita, yanka robar da wuƙa, kada ka ja shi ta kara. Da yatsu kawai za ka ɗan ware saiwoyin da ke gefe. Ajiye shi a tsakiya, ka gitta sanda a bakin ramin ka tabbatar saman ƙasar dashen ya yi daidai da ƙasar lambu, ko ma ya ɗan ɗara ta da yatsa ɗaya. Gurbin auren, wani ɗan kumburi a ƙasan kara, dole ya kasance a waje. Mayar da ƙasa, ka danna da tafin hannu. Kada ka tattaka da takalmi kamar yadda ake yi wa sauran itatuwa. Ruwa ne zai zaunar da ita: zuba bokiti biyu a hankali, ka jira ya tsotse, in wani wuri ya lotsa ka cike.

In wurin na da iska, kafa gajeren turke a karkace, a wajen dunƙulen saiwar, ka ɗaure karan da abu mai laushi a ƙasa-ƙasa yadda samansa zai riƙa kaɗawa. Kaɗawar ce ke ƙarfafa shi. Bayan shekara ɗaya ko biyu ka cire.

Daga nan sai lulluɓin ƙasa, wanda a wurina shi ne rabin renon. Share ciyawa a da'ira mai faɗin mita 1 ko fiye, ka shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8. Bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan, don in ya jingina da shi ɓawon bishiyar zai ruɓe. Kowace bazara ka ƙara, kana faɗaɗa da'irar yadda rassa ke faɗaɗa. Cikin da'irar nan ba fartanya, ba shebur, ba injin yankan ciyawa. Ciyawar da ta fito da hannu ake cire ta. In kana son ado a gindin, sa 'yan ƙananan albasar furanni tun ranar dashe, ka bar su su yi ta fitowa da kansu.

Ban ruwa da taki

Shekara biyu zuwa uku na farko, daga Afrilu zuwa Satumba, duk makon da ba a yi ruwan kirki ba ka ba ta lita 20 zuwa 30 a zama ɗaya. Shayarwa mai yawa sau ɗaya a mako ta fi yayyafi kullum, don ruwan ya sauka inda saiwa take. In kana da duron tarar ruwan sama, nasa ya fi na famfo a yankuna masu alli.

Ga abin da mutane ba su cika lura da shi ba: furen da za ka gani a Maris, tun watan Yuli da Agustan bara aka ƙulla shi. In ka duba bakin rassa a ƙarshen lokacin zafi za ka ga wasu 'yan ƙunshi masu gashi-gashi, launin toka, masu laushi kamar kunnen ɗan zomo. Su ne furen baɗi. Masu ƙiba fure ne, sirara kuma ganye. Bishiyar da ta sha ƙishi a waɗannan watanni kaɗan za ta ƙulla. Kuma daidai lokacin ne yawancinmu ke tafiya gida hutu da yara. Kafin ka tashi, ka shayar da ita sosai, ka ƙara lulluɓi, ka kuma roƙi wani ya zuba mata bokiti biyu duk mako.

Taki ba ta cin da yawa. Ɗan barbaɗe na takin itatuwa a farkon bazara, a kan da'irar, ya isa. In ganyen ya yi ɗorawa amma jijiyoyinsa na nan kore, alli ne ya hana ta shan sinadarin ƙarfe. Sai ka nemi takin da ake yi wa shuke-shuke masu son ƙasa mai tsami, ka kuma dage da ruɓaɓɓen ganye.

Aski

Kaɗan ne, kuma da lokacinsa. In ka yanke ta a ƙarshen hunturu ko farkon bazara, ruwan jikinta zai yi ta zuba, raunin ya daɗe bai rufe ba. Lokacin da ya dace shi ne daga tsakiyar lokacin zafi zuwa farkon kaka, tana cike da ganye. Cire busasshen reshe, da wanda ya karye, da wanda ke gugar ɗan'uwansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: in kana son doguwar bishiya mai kara ɗaya da za a zauna a ƙarƙashinta, tun tana ƙarama za ka zaɓi reshen da zai jagoranta, ka riƙa cire na ƙasa ɗaya ko biyu a shekara da almakashin lambu mai kaifi. Duk tohon da ya fito daga ƙasan gurbin aure, cire shi nan take, don na uwar gindi ne, in ka bar shi zai rinjayi wanda ka saya.

In ka gaji tsohuwar bishiya da ta yi wa wurin yawa, kada ka datse ta rana ɗaya. Amsar da take bayarwa ita ce ta fesa tsirga-tsirgan rassa miƙaƙƙu masu yawa waɗanda ba sa fure da wuri, kyan surarta kuma ya tafi. Raba aikin shekara uku, kana cire reshe daga tushensa.

Maɓarnata da daren sanyi

Katantanwa, musamman marar ƙoƙon nan, tana cinye sabon tohon ƙaramar bishiya cikin dare. A Afrilu da Mayu ka riƙa fita da tocila kana tsince su. Zomo da barewa na ɓare ɓawo, sai a kewaye karan da ragar waya. Kurege kan gutsure ƙunshin fure, wannan kam sai haƙuri. In ka ga ganye ya yi danƙo da baƙi-baƙi kamar kunkunniya, duba bayan rassa, za ka tarar da wasu ƙwari manne kamar ɓawo; a ƙaramar bishiya ana kankare su da tsumma da ruwan sabulu.

Daga lokacin da ƙunshin ya fara tsagewa, launi ya leƙo, ka riƙa duba hasashen yanayi kowace yamma. Daren da sama ta yi garau, iska ta kwanta, aka ce sanyi zai sauka ƙasa da sifiri, shi ne daren haɗari. Muddin bishiyar ba ta fi ƙarfin hannunka ba, lulluɓe ta da tsohon zanin gado ko yadin rufe shuka kafin magariba, ka yaye da hantsi. Kada ka sa leda, tana ƙara cutar da furen da ta taɓa. In ta girma ta wuce lulluɓi, wata shekarar za a yi asarar fure, amma bishiyar kanta ba abin da zai same ta. Ganye zai fito lafiya, baɗi ta sake.

Wanda yake son ya samu ta biyu ba tare da ya saya ba, a bazara ya zaɓi ƙaramin reshe na ƙasa mai lanƙwasuwa, ya ɗan kankare ɓawonsa ta ƙasa, ya kwantar da wurin cikin ƙasa ya danne da dutse, bakin reshen na waje a ɗaure da sanda. Yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya yi saiwar da za a iya yanke shi daga uwar.

Furen kansa mako biyu zuwa uku yake yi. Ranar da ya fara zuba, farfajiya kan cika da kunnuwansa masu kauri, in ruwa ya taɓa su kuma santsi gare su ƙwarai, musamman a kan dakali da matakala inda yara da tsofaffi ke bi. Kullum da safe nakan share su da tsintsiya, in kwashe a baro in juye cikin da'irar gindinta, nesa da kara, su ruɓe a can tare da ganyen bara.